Inda Mai Lambu Ya Nuna

Rana ta yi ja tana shirin faɗuwa lokacin da Mai Lambu ya ɗauki makullin famfo ya nufi ƙarshen lambun don ya kashe ruwa. Aikinsa ke nan kowace yamma, shekara ashirin da bakwai, tun wurin yana rabin juji har ya zama abin da birnin yake tinƙaho da shi. Lambu ne da sai ka yi tafiyar rabin awa kafin ka fita ta ɗaya ƙofar. Ga tafki, ga hanyoyi masu inuwa, ga wani makeken fili a tsakiya da ake bayarwa a yi wasan mawaƙa da manyan taruka. Amma yau tsohon yana tafe ne yana cije leɓe, ga wani zoben roba ruwan ɗorawa a wuyan hannunsa, wanda in babu shi masu gadi ba za su bar shi ya shiga lambun da ya raina da hannunsa ba.

Kwana uku ke nan da wani kamfanin shirya wasa ya sauka da manyan motocinsa. Ya saba da masu wasa. Sukan zo su yi ihunsu su tafi, ya kwashe robobin da suka zubar, ya lallaɓa ciyawarsa ta farfaɗo. Waɗannan kuwa daban suke. Ran farko motarsu ta bi ta kan dashen da ya yi wata takwas yana reno, ta niƙe shi har da ledojinsa. Rana ta biyu suka sa inji suka kwantar da bishiyoyi bakwai na gefen filin, wai za su tare wa 'yan kallo babban allo. Bishiyoyin nan shi ya dasa su, ya san wadda ta fara fure, ya san wadda ta kusa mutuwa ya yi jinyarta.

Da ya je ya yi magana, Manajan wasan, wani ɗan gajere mai waya biyu da tabarau a tsakiyar ka, ko kallon kirki bai yi masa ba.

"Tsoho, itace muka yanka fa, ba mutum ba. Ba shuka ce sana'arka ba? To ga aiki mun samar maka, sai ka gode mana."

Ma'aikata suka kwashe da dariya. Ɗayansu ma da tiyon ban ruwan tsohon yake wanke tayar mota. Mai Lambu ya juya ya koma bakin aikinsa. Shi mutum ne marar hayaniya, irin wanda in ka taka shi, shi zai ba ka haƙuri, kuma irin waɗannan in abu ya zauna musu a rai ba ya tashi. Tun daga ranar abinci ya daina yi masa daɗi.

Ya kashe famfon ke nan ya ji an yi masa sallama. Injiniyan wutar kamfanin ne, wani ƙato mai tumbi da fara'a, ya jiƙe sharkaf da gumi. A kafaɗarsa wani dogon ƙarfe mai tsini wanda ya fi mutum tsawo, a hannunsa guduma da rabin buhun gishiri. Duk cikin mutanen nan shi kaɗai yake gaishe da tsohon, wannan kam sai a faɗa.

"Baba, kai nake nema. Ina ne ƙasa ta fi damshi kusa da inda muka ajiye janareta?"

"Me za ka yi da damshi?"

"Wannan ƙarfen zan kafa. Ka ga wuta ita ma tana ɓatan kai. In ta ɓata, sai ta bi ta nan ta shige ƙasa, maimakon ta bi jikin mutum. Duk wani ƙarfe da ke kan dandamalin can, tun daga sandunan fitila har makirufon da mawaƙi zai riƙe, waya ɗaya ce za ta haɗo su zuwa nan. Sai dai busasshiyar ƙasa ba ta karɓa. Mai laima muke nema, mu zuba mata ruwan gishiri, shi ke nan ta buɗe baki."

To, wuri biyu ne masu damshi a wannan ɓangaren, kuma Mai Lambu ya san su kamar yunwar cikinsa. Ɗaya yana nan gindin famfon, inda bututu yake yoyo, taku biyar daga inda suke tsaye. Ɗayan yana bayan tafki.

Na bayan tafkin wani ɗan fili ne da bai fi faɗin ɗaki ba. Ciyawarsa kore shar ko da an shekara ba ruwa, alhali ba a taɓa ba ta ko kofi ɗaya ba. Tsuntsu ba ya sauka a kai. Injin yankan ciyawa in ya iso bakinsa sai ya mutu, a ja shi baya ya tashi. Ranar da Mai Lambu ya kama aiki, dattijon da ya gada ya kawo shi nan ya ce masa ƙasa-ƙasa, "Nan gidan maƙwabta ne, su da iyalinsu. Kada ka haƙa, kada ka zuba komai, in za ka wuce ka yi sallama." Bai tambayi waɗanne maƙwabta ba, ai ba yaro ba ne. Ya dasa gajeren shinge ya kewaye wurin. Kullum zai wuce sai ya yi sallama, wani lokaci da yamma lis yakan ji kamar wata yarinya tana rera waƙa a can ƙarƙashi, ya rage tafiya ya yi kamar bai ji ba. Ba su taɓa shiga harkarsa ba, shi ma bai taɓa shiga tasu ba.

Ya dubi gindin famfon. Ya ɗaga kai ya hango kututture bakwai, farare tas, a jere. Daga can filin dariyar Manaja tana tasowa.

Sai ya ɗaga hannu ya nuna bayan tafki.

"Ka ga shingen can? Cikinsa. Babu inda ya kai shi laima a lambun nan."

Injiniya ya yi godiya har da ɗaga hula, ya je ya tsallake shingen. Mai Lambu ya tsaya daga nesa, wai yana naɗe tiyo. Guduma ta fara sauka. Kwaɗin tafki da suka soma kukan yamma suka yi tsit lokaci guda. A bugu na tara ƙarfen ya zurma da kansa kusan kamu guda, kamar ya huda wani abu mai taushi, aka ji wani ɗan gajeren sauti irin na wanda aka shaƙe yana tsakiyar magana.

"Wannan ƙasa akwai biyayya," in ji Injiniya. Ya jiƙa gishirinsa ya tuttula. Ramin ya shanye bokiti huɗu ko kumfa bai yi ba. Wani ƙauri ya taso kamar ana babbaka gashi. Ya ɗaura koriyar waya mai kaurin yatsa a kan ƙarfen, ya ja ta zuwa janareta, yana fito abinsa.

Da Mai Lambu ya zo wucewa, sallamar ta zo masa har bakin leɓe, ya haɗiye ta. Kunya ce ko taurin kai, shi kansa bai sani ba.

A gida matarsa ta ajiye masa abinci ta tsaya tana kallonsa, don rabon da ya cinye kwano tas an kwana biyu.

"Malam, yau kuma wa ya mutu ya bar maka gado? Sai murmushi kake kai kaɗai."

"Gobe za ki ji labari."

Abin da yake hange shi ne fitilu suna fashewa, lasifika tana aman hayaƙi, Manaja yana gudu ya bar takalmi ɗaya da wayoyinsa biyu cikin ciyawa. Maƙwabta za su yi masa abin da shi ba zai iya ba. Ɗan sautin nan na bugu na tara kuwa, da ya faɗo masa a rai sai ya kawar. Ya yi barcinsa mai daɗi, Allah ya shirye shi.

Washegari da la'asar sakaliya lambun ya cika maƙil. Jama'a suna ta kwarara ta ƙofofi huɗu, ƙura da ƙamshin turare da na soye-soye sun gauraya. Mai Lambu ya fito da kujerarsa ƙofar ɗakin kayan aiki ya harɗe, yana jiran nasa kallon. Sai aka rufe masa idanu ta baya.

"Baba, canki wace ce."

Ina buƙatar canka? Autarsa ce. Shekararta ashirin da huɗu, tela ce da rana, ƙarshen mako kuma tana yi wa wata ƙaramar ƙungiyar mawaƙa amshi. Tun tana 'yar mitsitsiya take bin sa lambun nan da ɗan gwangwaninta tana yi wa dashe waƙa, wai sun fi saurin girma. 'Ya'yansa biyar, duk yana son su, amma wannan ko daga bayan katanga ta ce "Baba", gajiyar wuni sauka take daga kafaɗarsa. Muryar yarinyar nan ita ce abin da ya fi so a duniya, bai taɓa ɓoyewa ba.

Ta miƙo masa wuyan hannunta. Jan zoben roba, irin na masu hawa dandamali.

"'Yar amshin babbar mawaƙiyar ce ta kwanta zazzaɓi, da safen nan aka kira ni. Kuma ba amshi kaɗai ba, Baba, ni zan buɗe wasan. Rana na faɗuwa zan fito ni kaɗai da makirufo, baiti biyu, kafin kiɗa ya shigo. A lambunka fa. Na hana Mama ta gaya maka, so nake in ga fuskarka."

Ta kuwa gani. Fuskarsa ta sauya, don a take maganar Injiniya ta dawo masa: makirufo, koriyar waya, ƙarfen bayan tafki.

"Auta, koma gida."

Ta yi dariya ta ja masa hula.

"Ba wasa nake ba. Cire abin nan ki koma gida yanzu."

Dariyar ta ɗauke. "Baba, kai ne fa kullum kake cewa wata rana sai na tsaya a filin nan. Me na yi?"

Me zai ce mata? Ya ce ubanta, da furfurarsa, ya tura ƙarfe gidan mutanen ɓoye don an yi masa dariya? Kafin ya samo abin faɗa, wata mata mai riƙe da takarda ta ƙwala wa Auta kira. Yarinyar ta share ido da bayan hannu ta ce, "Ka tsaya ta gefen dama inda zan gan ka, ko ranka bai so ba." Ta shige bayan dandamali. Ya bi ta da sauri, masu gadi suka tare shi da ƙirji, wai mai zobe ruwan ɗorawa ba ya wuce nan.

Ya kutsa cikin jama'a har rumfar da ake sarrafa sauti, ya kamo rigar Injiniya.

"Ɗana, ka cire ƙarfen nan na jiya. Ka mai da shi gindin famfo."

"Yanzu? Baba, janareta na aiki. In aka zare shi wuta na gudu, duk wanda yake riƙe da makirufo shi zai zama ƙarfen." Fara'ar jiya babu ita a fuskarsa. Ya ciro abin sauraro daga wuyansa. "Amma tsaya. Tun safe akwai wani gunji a lasifika, na canja waya ta fi goma ya ƙi tafiya. Saurara ka ji."

Ya ɗora masa a kunne. Ba gunjin inji ba ne. Mace ce, bakinta a rufe, tana nishi a hankali, tana ja tana saki, irin na wadda ta gaji da kuka.

"To a kashe janaretan."

"Sai Manaja ya ce."

Manaja yana nan kusa, waya a kowane kunne. Ya waiwayo ya yatsina fuska. "Wannan tsohon kuma? Ku fitar min da shi." Ƙarti biyu suka kama gwiwar hannunsa suka kai shi can bayan taro suka saki.

Bai tsaya jin haushi ba, haushin ai shi ya kawo shi nan. Ya koma ɗakin kayan aiki ya ɗauki babban almakashin datse reshe, ya nufi tafki.

Hanyar babu kowa. Hayaniyar taro ta koma baya kamar an rufe mata ƙofa. Sama ta yi jaja-jaja, ƙarƙashin itatuwa duhu ya fara taruwa. Warin man janareta ya tarye shi, a ƙarƙashinsa kuma ƙaurin jiya, ya ƙara ƙarfi. Mai tsaron injin ya tafi kallo, ya bar kujerarsa da rabin kofin shayi.

Sai lasifika ta buɗe, muryar Auta ta tashi.

Dubban mutane suka yi shiru. Ta ja layin farko tas, babu gargada, har tsohon ya tsaya cak bai san ya tsaya ba. A layi na biyu wata murya ta shigo ƙarƙashin tata. Nishin nan ne. Yana bin waƙar sawu da sawu.

Ya ruga ya danna jan maɓallin janareta da tafin hannu. Injin ya yi tari biyu ya mutu. Fitilun filin suka ɗauke gaba ɗaya, taro ya saki ihun takaici.

Amma waƙar ba ta tsaya ba.

Tana nan tana fita, tana sirancewa. Kuma ba daga filin take zuwa ba yanzu. Daga gindin ƙafarsa take.

Ya sunkuya ya taɓa koriyar wayar. Mai ban ruwa ya san tiyon da ruwa ke gudu a ciki ko ido rufe. Wayar tana motsi a hannunsa, da ɗumi. Wani abu yana wucewa a ciki, daga dandamali zuwa shinge.

Ya sa almakashi ya datse.

Daga can nesa wata mata ta ƙwala ihu, "Ta faɗi, a kawo ruwa!"

Ya makara. Waƙar tana cikin shingen yanzu, 'yar ƙarama, tana karkarwa.

Ya ɗaga ƙafa ya tsallaka, karo na farko a rayuwarsa.

"Salamu alaikum."

Ba a amsa ba.

Ciyawar ta koma fara fat, tana ƙaras-ƙaras a ƙarƙashin takalminsa. Gishiri ne. Ya kama ƙarfen da hannu biyu. Zafi gare shi kamar jikin mai zazzaɓi. Ya ja. Ƙarfen yana fitowa a hankali, ƙafafunsa suna nutsewa a hankali. Da tsinin ya fito, ƙasa ta riga ta kama shi har idon sawu.

"Jiya ba ka yi sallama ba."

Raɗa ce, dab da kunnensa na hagu.

Wata mace ce zaune a gefen shingen, inda ɗazu babu kowa. A zaune take, amma kanta daidai da nasa. Fuskarta ta ƙi tsayuwa a ido, in ya kalla sai idonsa ya zame. A cinyarta wata yarinya ce kwance, baki a buɗe, a maƙogwaronta wani baƙin rami da farin gishiri ya kewaye. Idon yarinyar biyu. Shi take kallo.

Hannun matar na dama a dunƙule yake. Ta tsakanin yatsunta muryar Auta take tsiyaya.

"Ni ne," in ji shi. "Ni na nuna. Yarinyata ba ta san komai ba."

"Mun gan ka. Mai gudumar baƙo ne, ba mu da magana da shi. Kai ne ka san da yara a gidan nan. Kai kake jin waƙarta da yamma kana rage tafiya."

Ƙasa ta kai masa gwiwa. Sanyi kamar ƙanƙara.

"Mutuncina aka ci, shi ne na…"

"Shi ne ka aike mu ramuwa, kamar karnukanka." Ta shafa kan yarinyar. "Tana cikin waƙa ƙarfen ya same ta. Ba za ta mutu ba. Amma ba zan ƙara jin ta kira ni ba."

Ƙasa ta kai cinya.

"Ki ɗauki raina. Ki sakar mata muryarta, ki ɗauki raina."

"Me zan yi da ran tsoho?"

Ta ɗaga dunƙulallen hannun ta duba. Ta matsa kaɗan. Muryar Auta ta yi wani ɗan ƙara kamar ɗan tsako, tsohon ya ji fitsari yana bin ƙafarsa.

"Tun jiya nake jiran in matse ta," ta ce. Ta daɗe tana kallon hannun. "Amma 'yarka ba ta yi min komai ba. Ni ba irinka ba ce."

Ta buɗe yatsu. Wata iska mai ɗumi ta gifta kumatunsa ta nufi filin.

Hawaye ya ɓalle masa. Ya buɗe baki zai yi godiya.

"Kada ka gode. Ban gama ba."

Ta dangwalo gishiri da yatsa biyu. Ba ta tashi ba, hannun ne ya miƙo, ya yi ta miƙowa. Ta tura masa ɗaya a kunnen dama, ɗaya a na hagu. Sanyi, sannan wuta.

"Abin da ka ba ni na ba ka. Ba ƙari, ba ragi."

Ƙasa ta haɗiye shi har ƙirji. Numfashi ya gagara.

Sai hasken tocila ya haske shi. Injiniya ne, ya rugo don ya ga abin da ya kashe masa inji. Bai tsaya tambaya ba, ya cafki ƙarshen ƙarfen da tsohon yake riƙe da shi har yanzu, ya kafa ƙafa a bayan shinge ya ja da duk tumbinsa. Ƙasar ta sake shi da wani irin tsotso. Suka zube tare a kan hanya, tsohon babu takalmi babu hula. Injiniya ya haska cikin shingen, babu komai sai farin gishiri da ramin da yake rufewa da kansa. Ya yi salati ya kashe tocilar.

Mai Lambu ya tashi ya ruga filin da ƙafa tsirara. A cikin ruɗanin nan babu wanda ya tambaye shi zoben roba. Ya same ta a bayan dandamali zaune kan wani akwati, ana yi mata fifita, ana haska ta da fitilun waya. Tana hango shi ta miƙe ta rungume shi, ta ja baya tana duban lakar jikinsa, bakinta yana ta motsi.

Yana jin kaɗawar mafici. Yana jin Manaja yana zage-zage a waya. Yana jin fiton 'yan kallo daga can gaba, har ƙarar awarwaron hannunta yana ji.

Daga bakinta kuwa, babu komai.

"Ba ta sakar mata ba," ya ce. "Auta, yi magana. Don Allah yi magana."

Ta zaro ido, ta riƙe kafaɗarsa tana girgizawa, bakin yana ƙara sauri.

Injiniya ya iso yana haki, ya dafa shi. "Baba, ai magana take yi maka. Cewa take jiri ne ya ɗebe ta, yanzu lafiyarta ƙalau. Ga muryarta nan ras, har can baya ana ji."

Tsohon ya ƙura wa bakinta ido. Leɓunanta suka haɗu suka rabu, suka sake haɗuwa suka rabu. Ya san kalmar: Baba. A nan ne ya gane abin da aka ba shi.

An mai da ƙarfen gindin famfo, aka ta da inji, wasa ya ci gaba kamar ba a yi komai ba. Manaja ko ƙwarzane bai samu ba, ya kwashe motocinsa bayan kwana biyu ana ta yaba masa. Auta ta sake hawa a daren ta yi baitinta biyu, kuma daga nan sunanta ya fita. Ubanta yana tsaye ta gefen dama inda ta ce, ya ga mutane suna share hawaye, shi kuwa kallon baki kawai ya yi.

An kai shi asibiti, likita ya auna ya ce kunnensa ya fi na saurayi. Gaskiya ne, ko allura ta faɗi a ɗaki yana ji. In an sa waƙarta a rediyo yana jin ganga, yana jin sarewa, yana jin 'yan amshi, a tsakiya kuma wani fili babu kowa. Cikin shingen bayan tafki bai ƙara tsirar da ko ƙwayar ciyawa ba. Yana sallama har gobe in zai wuce, kuma ba a ƙara yin waƙa a ƙarƙashi ba.

Matarsa kaɗai ya gaya wa gaskiya. Ta yi kwana bakwai ba ta yi masa magana ba, daga baya ta zama kunnensa. In Auta ta zo gida, yana karanta leɓenta, uwar tana cike masa da dabara, "Kana ji dai, wai jibi za su tafi." Ita Auta ya ce mata firgita ce ta toshe masa kunne a ranar, ta kuma yarda, don ba ta taɓa kama ubanta da ƙarya ba.

Waya ce matsalar. Yanzu yawo ya yi mata yawa, gari-gari, kuma duk inda ta sauka sai ta kira Babanta. Wata rana da hantsi uwar ta tafi kasuwa, ta dawo ta same shi zaune a bakin gado, waya a kunne, yana murmushi yana gyaɗa kai.

"Na'am, Auta, ina jin ki. To. To, madalla. Allah ya yi miki albarka."

Ya ƙara gyaɗa kai, ya sake cewa, "To."

Ta ajiye kwandon ta karɓi wayar don ta gaisa da 'yarta. Da ta duba, an fi minti ashirin da katse kiran.